Sittin

A kusurwar allon Jazuli akwai wata 'yar lamba,
koriya, tana rawa kamar idon ƙadangare.
Sittin. Hamsin da tara. Sittin.
Ya fi kallonta a kan yadda yake kallona.

Ni direban bas ne a Coventry,
na san lambobi: ashirin, ashirin da ɗaya, titin Foleshill har ƙarshensa.
Wannan kam ban san inda take zuwa ba.
Ya ce, Baba, hotuna ne,
adadin da ke wucewa cikin daƙiƙa guda.
Kieran yana da ɗari da arba'in da huɗu,
shi ya sa yake harbe ni kafin in ɗaga kai.
Na ce, ko dai hannunsa ne ya fi naka?
Ya mayar da abin kunnensa.

Wata uku yana tara kuɗin makaranta,
ba cips, ba lemo, a ƙafa yake dawowa cikin yayyafi.
Fam talatin da takwas
ya zuba a kan wayar HDMI mai bakin zinariya,
kaurinta kamar bulalar doki,
kwalinta ya fi na takalman aurena kyau.
Ya durƙusa bayan tebur, ƙura a gashinsa,
ya zare, ya soka, ya kunna.

Sittin.

Shirun da ya biyo baya
har uwarsa ta ji shi daga kicin.

Ranar Lahadi Oyin ta leƙo, 'yar maƙwabta,
wadda ke karatun injiniya, ta zo aron tsani.
Ta dubi bayan allon, ta yi dariyar da ba ta cin fuska.
Ina kwalin da allon ya zo ciki?
Ƙarƙashin gado, tare da safa ƙafa ɗaya.
A ciki, cikin leda ba a ko buɗe ba,
wata baƙar waya marar ado, DisplayPort,
kyauta ta zo, shekara guda tana barci.
Ta ce, ramin HDMI na wannan allon tsoho ne,
ko da lu'ulu'u ka soka masa, sittin zai bari.
Ta canja rami, ta taɓa wani wuri,
lambar ta yi tsalle kamar an taka mata jela.

Ɗari da arba'in da huɗu!
Ya yi ihu, ni ma na yi, ban san dalili ba.
Sai aka shiga yaƙi, hayaƙi, gini na rushewa,
ta gangaro tamanin, saba'in da biyu.
Oyin ta ɗauki tsaninta.
Wannan kuma katinka ne, ta ce, waya ba ta haihuwa,
abin da aka ba ta take kaiwa.

Na tuna rijiyar gidanmu a Malumfashi.
Sabuwar igiya ba ta taɓa ƙara mata ruwa ba,
amma gajeriya ta sha barinmu da ƙishi
ruwa na ƙyalli a ƙasa muna kallo.

Na so in faɗa masa haka.
Na fara da Hausa, ya kama rijiya, ya kama ruwa,
guga ta suɓuce masa.
Na koma Turanci, abin ya fito a daddatse,
rabi ya maƙale a hanya.
Ya ce, to, Baba, ba tare da ya juyo ba.

Da dare ya yi barci, na zauna a kujerarsa.
Na motsa linzamin, hagu, dama.
Wallahi idona bai ga bambanci ba.
Wayar zinariyar tana nan a nannaɗe kan firij,
rasit ya ɓace.
Gobe motar ƙarfe biyar da kwata ce tawa.