Ƙasa Biyu a Tafin Takalmi

A bakin Kasuwar Barci nake zama, gindin dalbejiya,
da basilla, da zare, da gwangwanin gam.
Shekara ashirin da ɗaya ina karatun tafin takalma
yadda wani ke karanta wasiƙa.
Na san ɗan acaba da cin da birki ya yi wa ƙafar dama.
Na san mai bin bashi: dunduniyarsa ke fara ƙarewa.

Ran Laraba Zigwai ta zo,
nas ce, silifas takan kawo mini in madauri ya tsinke.
Wannan karon wasu ƙatti ta dire a gabana,
baki a wangame kamar tarwaɗa a tudu.
Ta ce, Sallau, ɗinke su.
Amma kada ka wanke.

Na kifa su. Jar laka maƙare cikin tsagogi,
ƙarƙashinta baƙa, mai ƙamshin ruwan farko,
da wata 'yar ƙaya da ban san uwarta ba.
Na ce, wannan ba ƙasar Kaduna ba ce.
Ta ce, ja ta Najeriya, baƙa ta Kamaru.
Ta yi jim. Ta ce, ko kuwa akasin haka ne.

A Dutsen Kagoro ta koya wa gwiwarta haƙuri,
Asabar bayan Asabar, har ta bar ƙorafi.
Sai mota zuwa Serti, sai babur,
sai hanya ta sirance ta koma sawun shanu.
Kwana tara.
Jagoransu Hammajoɗa, siriri kamar sandarsa,
takalmin roba a ƙafa, wanda ko gyara ba a kawo mini,
yana gaba yana taunar goro, ko haki babu.

Sun haye rafi da takalma a wuya.
Sun sha kindirmo a rugar da hayaƙinta ke tashi ƙasa da su.
Gajimare ya sauko ya jiƙa musu gira,
sanyi ya hana ta ɗaura igiya da yatsunta.
Rana ta shida ta zauna a kan dutse ta yi kuka,
ba don komai ba, in ji ta, ƙafa ce kawai ta fi ta gaskiya.

Na ce, to iyakar fa?
Akwai ƙarfe a gicciye? Akwai mai bindiga?
Ta ce, wani guntun siminti ne cikin ciyawa,
lambarsa ta goge,
saniya na sosa wuya a jikinsa,
kai a wata ƙasa, wutsiya na korar ƙuda a wata.
Hammajoɗa ya nuna da haɓa:
can aka yanke mini cibi, nan na biya sadaki.
Hatimi kuwa sai bayan kwana biyu, a gangare,
wurin wani jandarma da ya bar tuwonsa ya nemo tawada.

Ta tafi aikin dare. Na ja zare.
Ni da ban taɓa wuce Kafanchan ba,
ga ni ina huda duwatsu da basilla,
ina bi a hankali inda fata ta ƙare, roba ta fara.
Duk kaffa-kaffar da na yi, laka ta ɗan zube a kan buhuna.
Na tattara ta da gefen hannu,
ja da baƙa, ba mai iya raba su yanzu,
na zuba a tsohon gwangwanin foli, na rufe.

Da yamma ban shiga bas ba.
Na taka, ni da akwatina, har gadar Kaduna.
A tsakiya na tsaya, motoci na girgiza ƙarfe,
na leƙa ruwa ina neman
daidai inda arewa ta ƙare, kudu ta fara.
Wani mai kwalekwale ya wuce ta wurin,
bai ko ɗaga kai ba.

Makera da sauran tafiya.
Gwangwanin na ƙwanƙwasa cinyata a aljihu.