Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Na hau dutsen nan da takardu ɗari biyu a jaka.
Daga Guiyang mota biyu, sauran kuma ƙafa.
Farfesa Kuang ya ja mini kunne tun a ofis:
"Ki tambaya, ki cike gurbi, kada ki ƙara gishiri."

Titin siminti ya riga ni isowa,
fari tas, ya nannaɗe dutsen kamar zare a mazari.
Sai dai titi bai san shiga da fita ba:
shi ya kawo taki,
shi ya kwashe samari.

Na tarar da tsoho Ran Deshou
yana shanyar barkono a farfajiyar makarantar da aka rufe.
Allon na nan a bango,
da lissafin ƙarshe da ba wanda ya goge.

Ta ɗaya: shekaru? Saba'in da huɗu.
Ta biyar: gona? Fadamun shinkafa tara, hawa-hawa,
uku sun koma ciyawa, gwiwa ta ƙi.
Ta goma sha bakwai:
mutum nawa ne a gidan nan?

Ya zare lofe daga baki, ya dube ni.
"Masu ci, ko masu ciyarwa?
In tukunya kike ƙirgawa, mu biyu ne, ni da jikata.
In waya ce, mu biyar:
ɗana na Dongguan yana ɗinka takalman da bai taɓa sawa ba,
matarsa na liƙa musu tambari,
autata na wanke kwanonin wasu a Shenzhen.
In bikin sabuwar shekara ne,
kwana bakwai ba masaka tsinke,
rana ta takwas sai ni da ɓawon gyaɗa.
Tsohuwata kuma tana can bayan gonar masara,
ƙarƙashin tulin ƙasa.
Kullum da safe nakan gaya mata farashin alade.
Ita ma a sa ta?"

Gurbin takardata bai fi ƙwayar wake ba.
Lamba ɗaya yake ci.

Na miƙa masa sabulu, tukuicin da ofis ya tsara.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya shiga ɗaki ya jawo akwati:
sabulai shida, ko takardarsu ba a ɓare ba.
"Ke ce ta bakwai.
Na farkonku ya zo tun muna kunna fitilar kwalba.
An ce ina cikin littafi a birni,
amma an canza mini suna,
wai Manomi na Uku.
In kin koma ki gaishe shi,
ki tambaye shi ko tasa gwiwar na ciwo."

Jikar, Qiaoling, na rubutu a kan buhun taki.
Ba ta ɗago ba ta ce,
"Ke ma in kin gama tafiya za ki yi?"
Na ce i.
Ta gyaɗa kai irin na wadda ta daɗe da sanin amsa,
ta ci gaba da jan layi.

Da dare, a masaukin hukumar ƙauye,
kwaɗi na kuka daga fadamun da suka rage,
na buɗe kwamfuta.
Na rubuta biyu. Na goge.
Na rubuta biyar. Na goge.
Shida ta tsaya mini a yatsa.

Sai na kira kakata a Bijie,
wadda ta goye ni shekara tara
lokacin da iyayena suke murya a waya.
Ta yi ta ringi kafin ta ɗauka.
"Kin ci abinci?"
Na ce na ci.
Ta ce, "Bara wani yaro ya zo da takarda irin taku."
Na ce me kika ce masa, mu nawa ne?
Ta yi shiru, ina jin kaji suna gyara kwanciya.
Ta ce, "Har yanzu kwanonki na nan a kan kanta.
Shi dai na ga ya rubuta ɗaya."