Shatin Yatsa

Shekara arba'in da ɗaya tana kwance a rumbun Szymanski,
can bayan Toledo, inda masara ke fin mutum tsawo.
Ɓeraye sun haifi jikoki a kujerar baya,
tantabaru sun yi wa rufinta farar ƙasa.
Muka janye tamfol, ni da Lorne,
sai ga ta, Chevelle ta sittin da tara,
koriya, irin koren da ya gaji da zama kore.

Lorne ya shafi ƙofa, ya ja tsaki:
"A kankare ta har kwano, a fesa sabo,
mako uku ka ga fuskarka a jikinta."
Na ce, fuskata na san ta, Lorne,
ba ita na zo nema ba.
Gyaran gangar Abzinawa ba zan yi ba.

Inji dai na sauke shi, ban ji tausayinsa ba.
Fistan takwas, biyu sun kafe kamar gardama.
Na jiƙa su da mai, na yi ta lallashi,
na sake tiyo, na sake fulogi, na wanke kafireta
har farcena ya manta launinsa.
Amma fenti, a'a.
Fentin nan bai kai ɓawon albasa kauri ba;
in hannunka ya yi nauyi sau ɗaya, ya tafi,
kuma babu shagon da ke sayar da shekarar sittin da tara.

Sai ruwan ɗumi, sai tsumman tsohuwar rigar barcina.
Faɗin tafin hannu a kowane dare.
Dusar ƙanƙara ta toshe ƙofar gareji sau uku,
hita tana tari, ni ma ina yi.
A Janairu kore ya fara buɗe ido.

Abin da na tarar, ga shi:
lamba da jan alli a bangon bayan inji,
rubutun mai sauri, wanda ake jira ya matsa.
Ɗigon fenti da ya gangaro a gindin ƙofa
ya daskare a hanya, bai isa ko'ina ba.
Takardar masana'anta cikin wayoyin kujera,
ɓera ya cinye rabi, ya bar min rabi.
Sannan a ƙarƙashin murfin but,
wurin da ba a leƙawa sai an yi faci,
shatin babban yatsa, cikin fenti, zane-zanensa ras.
Wani ya taɓa tun bai bushe ba.
Ko tuntuɓe ya yi, ko gangan ne,
ko ƙararrawar tashi ce ta buga, oho.
Ban san sunansa ba. Na san yana da tabo a yatsa.

Na daɗe a tsugune, tocila a baki.

Ranar da ƙanƙara ta narke, Halina ta zo,
sanda a hannu, tamanin da uku,
sanye da kwat ɗin marigayi, ya yi mata yawa.
Ba ta dubi sheƙin ba.
Kai tsaye ta nufi gefen hagu, sama da taya,
inda kwano ya ɗan loma.
"Ba ka buge wannan ba?"
Na ce ban buge ba.
"Keken Casimir ne. Yana shekara shida.
Ubansa ya yi kwana biyu ba ya magana."
Ta sa yatsu biyu a lomar, ta bar su nan.
Ban tambaye ta ina Casimir yake ba.

Na murza makulli.
Ta yi kaki, ta yi shiru, ta sake kaki,
sai ta ɗauka da gurnani daga can ƙasan ciki,
sifanu suka hau rawa a kan benci,
karen maƙwabta ya ba mu amsa.

Lorne yana baya, ya ɗaga murfin but.
Ta madubi na hango shi
yana gwada babban yatsansa a gefen wancan,
kusa, kusa,
bai dai taɓa ba.