Sakin Hannu

Ranar Lahadi bayan la'asar,
a saman benen Baba Rasaki da ke Agege,
mun jera gwangwanin madara biyar a kan bulo,
buhun yashi a bayansu,
taku ashirin da ƙafar Ilu, shi kuwa gajere ne.

Na karya bindigar iska a cinya,
sifirin ya yi kukan tsohuwar ƙofa,
na cusa dalma, ƙwayar dawa ta fi ta cika ido.

Mako shida ina harbin yashi.
Legas ce ta koya mini damƙa:
damƙi aljihu a Oshodi,
damƙi ƙarfen danfo, damƙi waya,
damƙi canjinka kafin kwandasta ya manta da kai.
Haka na damƙi bindigar nan,
ita kuwa sai zillo.

Ilu ya ce, "Ba ɓarawo ka kama ba.
Ɗora ta a tafi kamar ƙwai,
ka bar ta ta yi girgizarta."

Jirgin ƙasa ya wuce, bene ya yi rawa, na jira.
Na saki rabin numfashi,
na lallaɓi kunama.

Tas! Gwangwani na uku ya yi tsalle, ya gangara kwata.
Baba Rasaki ya yi ihu da Yarbanci.

Na biyu na auna.
Ban faɗa ba.
Barira, 'yar Ilu mai riƙe alli,
ta dube ni, ta dubi na biyun,
sannan ta ja mini layi ɗaya a bango.