Dala Ashirin a Cikin Safa

Tun daren Juma'a na ninke ta gida huɗu,
na cusa a safar ƙafar hagu,
dala ashirin, sabuwa fil, da ƙamshin banki.
Matata ta ce, Orrin, mai aski ma biyar kake ƙara masa,
balle wadda za ta riƙe maka ƙugu a sararin samaniya.

Filin namu ba wani fili ba ne:
rumfar kwano, tsohon jirgi mai tari kafin ya tashi,
gonakin masarar Minesota har inda ido ya gaji.
A bakin ƙofa akwai kwalbar tukuici,
amma ta baƙi ce, 'yan zuwa ɗaya,
a ɗaure su a ƙirjin gwani,
su yi ihu, a ɗau hoto, su kama gabansu.
Ni ɗalibi ne. Ba wanda ya gaya mini
ko kwalbar ta san da zamana.

Na tambayi Duane matuƙi, ya ɗaga kafaɗa.
Wata tsohuwa mai tsalle dubu uku ta ce,
a zamaninmu kwalin giya ake sayowa, kowa ya ɗauka.
Wani ya ce ba ta. Wani ya ce raini ne.
Na shiga jirgi da amsa uku, tambayata na nan.

Ƙafa dubu goma sha uku.
Marlys Tvedt ta ja ƙofa, iska ta kwaɗa mini mari.
Idona ta duba, ta gyaɗa kai.
Muka fita.

Abin da ya biyo baya ba abin fahariya ba ne.
Gwiwoyina suka naɗe, na hau juyi,
masara, rana, masara, rana,
na manta da ma'aunin da ke wuyan hannuna.
Sai na ji an cafke ni,
an daidaita ni kamar faranti kafin shayi ya zube.
Yatsa ya ce, ja!
Ban ja ba.
Ita ta ja.

Laima ta buɗe, duniya ta yi tsit,
har ina jin zuciyata tana dukan igiya.

A ƙasa ta buɗe littafina, ba ta ɗago ba:
mataki na huɗu, a maimaita.
Na sunkuya na zaro takardar,
ta sha gumi, ta yi laƙwas kamar dafaffen ganye.
Na miƙa da hannu biyu, har yanzu suna rawa.

Ta ce, mayar.
Yau na kayar da kai, gobe ma ina iyawa.
In baki ya ci, ido ke jin kunya,
kuma idon nan shi ne aikina.
Ranar da na ce ka wuce,
ba na so ka kwana kana tambaya
ko ni na faɗa, ko ashirin ɗinka.

Sai ta nuna da haɓa can ƙuryar rumfa.
Teo Quintanilla na durƙushe tun hantsi,
yana kwance iska daga cikin yadi,
yana jera igiyoyi ɗaya bayan ɗaya,
gwiwar wandonsa duk faci.
Ta ce, ni ja kawai na yi.
Abin da ya buɗe, shi ya ninke.

Na je. Hannuwansa cike, bai iya karɓa ba,
na saka masa a aljihun riga.
Ya ce, naka ya buɗe lafiya?
Na ce, lafiya lau.
Ya ce, to. Ya koma kan igiyarsa.

Sau biyu na maimaita mataki na huɗu.
A Satumba, ana girbin masara, ta sa mini hannu.
Ban kawo kuɗi ba. Matata ta gasa alkaki irin nasu,
na tufa da kirfa, faranti guda.
Marlys ta yanki biyu, ta ci a tsaye,
ta lashe yatsa, ta dubi gajimare,
ta ce, har yanzu ƙafarka ta hagu tana lanƙwashewa.
Me kake ɓoyewa a cikinta?