Rasit Na Goma Sha Ɗaya

Janwe ya sake kawo ta da sanyin Talata,
ruwan ƙwai, ta lafe a ƙasa kamar kyanwa mai dako.
Tullio na biye a kan keken matarsa,
warin cuku ya riga shi shigowa.
Ya ce, "Ermete, fitilar nan ce kuma."
Na ce, wacce? Ja, ko mai ruwan lemo?
Ya ce, "Duka."

Shekara talatin da huɗu ina kwance ƙarƙashin motoci
a wannan garejin na bayan garin Modena,
farcena ya manta launin da aka haife shi da shi.
Na san irinta.
A daƙiƙa huɗu ta kai ɗari,
a wata huɗu ta kai mutum ƙasa.

Bara kuloci ne.
Kilomita dubu ashirin bai cika ba ya ƙone,
don ba a yi ta domin cunkoson kasuwar Asabar ba,
tafi-tsaya, tafi-tsaya, bayan motar kayan miya.
Yuro dubu biyar, ban da hannuna.
Kafin nan bel ne, ɗan siririn bel
da yaro zai ɗauka da yatsa biyu,
amma wanda ya zana ta ya ɓoye shi a ƙuryar ciki,
sai an sauke inji ɗungurungum,
kwana uku ni da Osvaldo muna nishi
kamar masu ciro jaki daga rijiya.

In ya tuƙa ta, taya ta cinye.
In ya ajiye ta, batir ya mutu,
robobi su bushe, baƙin mai ya fara ɗiga
tsit, tsit, a kan simintin da Nives ta wanke.
Na ce masa, kowa ya sayi rariya
ya san za ta zubar da ruwa.
Ya yi dariya, ya biya.

Yau lagireto ya tsage,
zafin ya hau ya taɓa kan inji.
Birkin gaba ma ya kusa,
faifan nan masu tsada da ba sa tsatsa,
guda ɗaya kuɗin saniya mai tatsa.
Ga wata 'yar na'ura kamar ƙwayar gyaɗa
da ke yi wa kwamfuta ƙarya dare da rana,
sai an yi oda, mako shida.

Na zauna na rubuta.
Biro ya tsaya sau biyu, kamar shi ma yana jin kunya.
Dubu goma sha huɗu da ɗari bakwai.

Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa a zaune.
Na san gonar inabin mahaifinsa ce ta zama wannan ƙarfen.
Na san tsohuwar motarsa ta kai cuku,
mai ƙofa ɗaure da igiya,
shekara ashirin ba ta taɓa kwana a wurina ba.
Na ce, Tullio, sayar.
Akwai wani likitan haƙori a Parma mai neman wahala.

Bai amsa ba.
Ya shafa bayanta da hannun riga,
inda ƙura ta sauka.
Can ya ce, "Za ta iya tashi? Minti ɗaya kawai."

Bai kamata ba. Na sani.
Na ƙara ruwa, na murɗa.

Kwanon rufi ya ɗauki rawa,
sifanu suka yi ta kaɗa juna a jikin bango,
tattabaru suka watse,
Osvaldo ya tsaya da burodi a baki.
Shi kuwa ya rufe ido,
mutum mai shekara sittin da ɗaya,
leɓensa na motsi kamar mai addu'a.

Na kashe kafin allura ta kai ja.
Ya sa hannu a takardar, ya hau keke.
Sarƙar keken ma tana ƙara.
Na kira shi, na ɗiga mata mai.
Wannan ban rubuta ba.