Fitilu Biyar Daga Hannun Hagu

Shekara talatin ina buɗe cikin agogo a bakin Taminus,
ina tsintar sukurun da bai kai ƙwayar gero ba.
Yau ga ni a Gangare, bisa tabarma,
almakashi ya fi ƙarfina.

Tun da ɓarin dama ya yi mini yaji
likita ta ce, "Malam, ka ba yatsun nan aiki,
ko da tsintar wake ne."
Wake? Ni?

Sai ga Ummita, jikata, daga makaranta,
wata 'yar aba na lilo a yatsanta,
takarda ce naɗaɗɗiya, tsaga-tsaga kamar haƙarƙari.
"Kaka, fitila ce."
Na ce, "Ina lagwaninta?"
Ta ce, "Ai kai ne mai gyara, sa mata."

Ninke takarda, baki ya sadu da baki.
Yanka daga gindin ninki, kada ka kai ƙarshe,
bar faɗin yatsa, nan ranta yake.
Buɗe, naɗe, shafa sitacin rogo,
danna kanta kaɗan sai ta yi tumbi.
Faɗa ba wuya.
Na dama yana riƙo kamar baƙo mai jin kunya,
na hagu yana yanka kamar ɗan koyo,
ni ina tsakani, ina sasanta su.

Ta gwaji na cusa mata kyandir.
Kafin in gyara zama ta koma toka,
ta tafi da gefen gemuna.
Ummita ta yi dariya har da buga ƙasa.
Sai na jawo tsohon akwatin aiki:
ɗan ƙwan tocila, batir, zaren waya.
Wannan yaren dai na iya shi.

Ja ta Dalyop ce, daga kalandar bara.
Shi ya kwashe ni ranar da na faɗi,
cikin ruwan Agusta, a a-kori-kurarsa,
dankali a baya, ni a gaba.

Shuɗiya ta Mama Nanret,
wadda gwatenta ya riƙa iske ni a Lamingo
yana tururi, kamar ba mota biyu ya hau ba.

Ta buhun siminti ta Tanimu birkila ce,
zai gane ta da hanci.
Kwana uku ya yi a bakin gadona yana minshari,
wai jinya.

Ta huɗu daga rasiɗin magani na yanke ta,
don Isuwa mai shayi, da ya biya ya rantse ba shi ba ne.
Bari ya ga kuɗinsa suna haske.

Ta biyar ta karkace.
Kunne ya fi kunne, sitaci ya yi mata tabo.
"Ta wa ce wannan?" in ji Ummita.
Na daɗe ina kallon bango.
Gambo bai zo duba ni ba.
Shekara biyu ba ma ga maciji
a kan wata rediyo da ni ma na manta launinta.
Na ce, "Kai masa, can Dilimi. Kada ki ce komai."

Da magariba aka ɗauke wuta,
sanyi ya gangaro daga duwatsun Shere.
Na ji sallama,
na ga zaure ya yi zane-zane,
haske, duhu, haske, duhu, suna tafe tare.

"Wa ya koya maka aikin banza?" in ji shi.
"Karkatacciya, kamar mai ita."
Ya ajiye ta tsakaninmu, ya zauna.
Can ya kwance agogonsa.
"Tun bara ya tsaya. Ban ba kowa ba."

Na miƙa hannun dama.
Yana rawa, mu duka mun gani.
Ya ce, "Ba sauri nake ba,"
ya matso da fitilar.